Idan Gwiwa Ta Ƙi Lanƙwasuwa, Ina Makomar Sujada?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam ya ɗaura gaɓoɓinsa, ya ba shi aron lafiya zuwa wani lokaci. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Mai yiwuwa wani ya ce me ya haɗa mu da zancen ciwon gwiwa, mu da har yanzu muke buga ƙwallo daga La'asar zuwa Magariba. To, duk wanda yake sallah a masallatan Nima da Maamobi da Sabon Zongo, ko na Aboabo da Asawase a Kumasi, ya san kujerun da ake jerawa a gefen sahu, kuma masu zama a kansu iyayenmu ne da kakanninmu. Daga cikinsu akwai waɗanda aka yi wa aikin canjin gwiwa, wasu a nan gida, wasu a Indiya, da kuɗin da 'ya'ya suka harhaɗa da kyar, sau da yawa har da gudummawar ɗan'uwan da ke Jamus ko Amurka. An yi aiki, tsohon raɗaɗi ya tafi, kowa ya yi hamdala. Sai wata uku ya wuce, wata shida ya wuce, gwiwa ta ƙage ta ƙi lanƙwasuwa, Baba ya kasa kai goshinsa ƙasa. Daga nan sai ka ga ɗayan abu biyu. Ko dai ya riƙa danne gwiwar da ƙarfin tsiya yana cije leɓe domin kada sallarsa ta tawaya, ko kuma ya daina zuwa masallaci gaba ɗaya domin kunyar a gan shi a kan kujera. Duka biyun kuskure ne, kuma mu da Allah ya ba mu karatun addini da na boko, a wuyanmu yake mu taimaka.

Mu fara da sanin abin da aka yi wa gwiwar. Likita ba ya cire ta ɗungurungum kamar yadda wasu suke zato. Yana kankare ƙarshen ƙashin cinya da kan ƙashin ƙwauri, inda guringuntsi ya cinye har ƙashi yake gugar ƙashi, ya sa wa kowannensu hular ƙarfe, sannan ya sa wata roba mai tauri a tsakaninsu ta tsaya a madadin guringuntsin. Ƙirar da mafi yawan na yau suka gada ta fito ne a 1974 daga wani asibitin ƙashi da ke birnin Niyok na Amurka, a hannun Dakta John Insall da abokan aikinsa. Aiki ne mai albarka, domin binciken da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 8 cikin 10 na irin waɗannan gwiwoyi suna kai shekara 25 suna aiki. Sai dai abin da aka fi auna nasarar aikin da shi shi ne mutum ya yi tafiya, ya hau matakala, ya zauna a kujera ya tashi. Mu kuwa rayuwarmu a ƙasa take. A tabarma muke cin abinci, a kujera 'yar tsugunno iyayenmu mata suke girki, a tsugunne ake shiga bayan gida, kuma sallolin farilla kaɗai raka'a 17 ne a yini, wato sujada 34.

Likitoci suna auna lanƙwasuwar gwiwa da digiri. Ƙafa a miƙe sifiri ce, zaman kujera kuwa, inda cinya da ƙwauri suke yin kusurwa irin ta bango, digiri 90 ne. Tafiya tana bukatar kusan 65, hawan matakala da tashi daga kujera suna bukatar 90 zuwa 100, kuma mafi yawan waɗanda aikinsu ya yi kyau suna tsayawa ne a wajen 110 zuwa 120. Amma zaman tahiya, inda mutum yake ɗora nauyinsa a kan diddige, yana neman 150 ko fiye. Ku duba wannan tazara da kyau. Ma'anarta ita ce ana iya yin aiki ya yi kyau ƙwarai a wurin likita, amma mai gwiwar bai koma zaman tahiyarsa na da ba. Wannan iyakar ƙarfe ce, ba laifin likita ba ne, ba kuma kasalar majinyaci ba. Da za a riƙa gaya wa iyayenmu haka tun kafin a shiga da su ɗakin tiyata, da an rage musu baƙin ciki mai yawa.

Ƙagewar da take cuta ita ce wadda gwiwa ta kasa kai 90, ko ta kasa miƙewa sosai har mutum yana ɗingishi. Mafi yawan sanadinta tabo ne na ciki. Kamar yadda fata take yin tabo a waje, haka jiki yake saƙa wani nama mai tauri a kewayen gaɓar, idan kuwa ba a motsa ta ba sai naman nan ya ɗaure ta kamar igiya. Wanda gwiwarsa ta daɗe a ƙage kafin aiki ya fi shiga wannan hali, haka mai ciwon suga, haka wanda zafi da kumburi suka hana shi motsa ƙafa a makonnin farko. Wani lokaci kuma ƙwayar cuta ce ta shiga, ko ƙarfen ne bai zauna daidai ba, kuma likita ne kawai zai iya rarrabe waɗannan.

A nan ne nake son matasa su buɗe kunne. A al'adarmu ta zongo jinya ita ce a kwantar da majinyaci, a kawo masa ruwa, a kawo masa abinci, ko motsawa ya yi a ce, "Baba, ku kwanta, ku huta." Wannan ƙauna ce, amma a wannan ciwo ita ce take ɗaure gwiwa. Makonni 6 zuwa 12 na farko su ne lokacin da tabon yake da taushi, kuma a cikinsu ne motsa jikin da masu gashin ƙashi, waɗanda muke ce wa fisiyo, suke koyarwa ya fi amfani. Idan aka ga gwiwa ta tsaya ta ƙi gaba, likita yana iya sa majinyaci barci ya lanƙwasa ta a hankali har tabon ya saki, kuma wannan ya fi yin nasara idan an yi shi kafin wata uku ya cika. Wanda ya zauna a gida yana cewa ƙaddara ce, yana jiran ta sake da kanta, har wannan lokaci ya wuce, to kada ya kira abin da ya yi haƙuri. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Usamatu ɗan Sharik (RA) cewa ƙauyawan Larabawa sun tambayi Manzon Allah (SAW) ko su nemi magani, ya umarce su da su nema, ya sanar da su cewa Allah bai sanya wata cuta ba face ya sanya mata magani, in ban da tsufa. Zuwa fisiyo yana cikin wannan umarni. Yana da zafi, yana cin kuɗin mota, yana cin lokacin wanda zai raka, shi ya sa ake yawan yanke shi a tsakiya. Idan a gida akwai 'ya'ya da jikoki biyar, a raba kwanakin rakiyar, kada a bar wa mace ɗaya.

Sannan a kiyayi kai gwiwar ƙarfe wurin maɗori domin ya murɗa ta, ko wurin wanzami domin ƙaho ko tsaga. Ba raina sana'ar kowa nake yi ba, amma wannan ba gwiwar da suka gada ba ce. Murɗa ta da ƙarfi yana iya karya ƙashin da ke riƙe da ƙarfen ko ya tsinka jijiyar ƙoƙon gwiwa. Tsaga kuwa ƙofa ce ga ƙwayar cuta, kuma ƙarfe ba shi da jinin da zai kai masa magani, idan cuta ta manne masa sau da yawa sai an sake buɗewa, wani lokaci har a cire shi. Duk ranar da aka ga gwiwa ta yi ja ta ɗauki zafi, ko tana fitar da ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya zo tare da sabon kumburi, ko sha-raɓa ya kumbura yana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, to a ranar za a tafi asibiti, a yi addu'ar a kan hanya. Haka maganin kashe zafi da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba. Irin su diclofenac da ibuprofen idan an daɗe ana sha suna cin ciki suna taɓa ƙoda, balle ga tsoho mai hawan jini. Tramadol kuwa, mu matasan zongo mun fi kowa sanin ɓarnar da ya yi a cikinmu, kada mu kai shi ɗakin iyayenmu da sunan tausayi.

To, idan an yi duk abin da ya kamata, shekara ta zagayo, gwiwa ta tsaya inda ta tsaya fa? Akwai aikin da ake yi a yanke tabon, akwai kuma na sake ƙarfen, amma ba kowa suke yi wa amfani ba, kuma likita yana iya cewa a bar ta haka ya fi. A nan ne haƙuri na gaskiya yake farawa, a nan ne kuma tambayar da ta fi damun iyayenmu take tasowa: sallata fa?

Ya 'yan'uwa, wannan tambaya an amsa ta tun a Madina. Imrana ɗan Husaini (RA) ya yi fama da basur, ya tambayi Annabi (SAW) yadda zai yi sallah, sai ya umarce shi ya yi a tsaye, idan ya kasa ya yi a zaune, idan ya kasa ya yi a kan gefensa. Buhari ne ya ruwaito. Shi kansa fiyayyen halitta (SAW) ya taɓa faɗowa daga kan doki ya ji rauni a gefensa na dama, ya yi sallah a zaune, kamar yadda Anas (RA) ya ba da labari. Nana A'isha (RA) kuma ta faɗa cewa da shekarunsa suka ja yakan yi karatun sallar dare a zaune, sai saura kamar aya 30 ko 40 ya miƙe ya ƙarasa ya yi ruku'u. Wane ne kuma zai ji kunyar abin da Manzon Allah (SAW) ya yi a gaban sahabbansa? Ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara ta nuna Allah ba ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinta, aya ta 16 ta Suratut Tagabun ta rataya tsoron Allah ga gwargwadon iko, aya ta 78 ta Suratul Hajji kuma ta kore ƙunci daga addini.

Akwai labarin da nake so kowane matashi ya riƙe, yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihul Buhari. Abdullahi ɗan Umar (RA), wanda aka san shi da tsananin bin sawun Annabi (SAW) har a ƙananan abubuwa, ya rayu ya haura shekara 80. Da ya tsufa sai ya riƙa harɗe ƙafafu idan ya zauna a sallah. Ɗansa, wanda shi ma sunansa Abdullahi, yana yaro a lokacin, ya gani ya kwaikwaya. Sai uban ya hana shi, ya koya masa cewa sunna ita ce a kafe ƙafar dama a lanƙwashe ta hagu. Yaron ya ce ai ya ga shi ma haka yake zama. Sai Ibnu Umar ya gaya masa cewa shi ƙafafunsa ne ba sa iya ɗaukarsa. Ku duba, bai ɓoye uzurinsa ba, bai fasa zuwa sallah ba, bai kuma bar mai lafiya ya ari sauƙin da ba nasa ba. Saboda haka matashin da ya yi karatun wata shida ya dawo yana gaya wa dattijo a cikin jama'a cewa zamansa ya saɓa wa sunna domin ya miƙe ƙafa ɗaya, to shi ne yake bukatar komawa makaranta.

Abin da ya fi tsorata tsofaffi shi ne hadisin da suke ji cewa ladan mai sallah a zaune rabin na mai tsayuwa ne. Hadisin ingantacce ne, amma malamai sun yi bayanin cewa yana magana ne a kan mai nafila da ya zaɓi zama alhali yana iya tsayuwa. Mai uzuri hukuncinsa yana cikin hadisin Abu Musa al-Ash'ari (RA) da Buhari ya ruwaito, wanda ya nuna cewa bawa idan ya yi rashin lafiya ko ya yi tafiya ana rubuta masa irin abin da ya saba aikatawa yana lafiyayye yana gida. Hajiyar da ta shekara 50 tana kai goshi ƙasa, yau gwiwa ta hana ta, ana ci gaba da rubuta mata sujadarta cikakkiya. Ku je ku gaya mata wannan, domin mata da yawa a ɗaki suke sallah, ba su jin wa'azin masallaci, suna nan suna kuka su kaɗai suna zaton ibadarsu ta ragu.

Sai dai sauƙin yana da tsari, kuma a nan ma ana kuskure ta ɗaya gefen. Duk wanda ya karanta Ahalari a makarantar zaure ya san an jera halaye bakwai na sallar farilla, huɗun farko kuma bin jerinsu wajibi ne: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina. Mafi yawan masu gwiwar ƙarfe suna iya tsayuwa, har ma sun fi jin daɗinta fiye da kafin aiki. Irin wannan mutum a mazhabar Malikiyya zai yi kabbarar harama a tsaye, ya karanta Fatiha a tsaye, ya yi ruku'u idan yana iyawa, sai lokacin sujada ya zauna a kujera ya yi nuni ta hanyar sunkuyar da kai da ƙirji, ya yi tahiyarsa a nan, sannan ya miƙe wa raka'a ta gaba. Idan ruku'un ma nuni yake yi, to sunkuyon sujada ya fi na ruku'u ƙasa, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaidin. Ba sai an ɗago masa matashin kai ko wani abu zuwa goshinsa ba, Imamu Malik ya ruwaito hanin haka daga Ibnu Umar. Malaman Hanafiyya suna ganin wanda ya kasa sujada tsayuwa ma ta saraya a kansa, saboda haka idan kun ga baƙo ya zauna tun daga kabbara kada ku yi masa hukunci. Amma mu abin da malamanmu suka karantar da mu shi ne rukunin da mutum yake iyawa ba ya faɗuwa domin wanda ya kasa.

Akwai kuma wanda yake iya kai goshi ƙasa, zaman diddige ne kawai ya gagare shi. Wannan sai ya yi sujadarsa, ya zauna yadda ya samu, ko a harɗe ko da ƙafa a miƙe. Likitoci da yawa ba sa hana durƙuso a kan abu mai taushi bayan rauni ya warke sarai, amma danne gwiwa da nauyin jiki har ta wuce iyakarta wani abu ne dabam. A tambayi likitan da ya yi aikin, a nuna masa yadda sujada da zaman tahiya suke idan ba Musulmi ba ne, kada a ji nauyi. Nafila kuwa ko duka a zaune aka yi ta ta yi. Sallar jana'iza ma ba ta da ruku'u balle sujada, don haka babu dalilin da zai sa dattijo ya daina raka 'yan'uwansa. Mai niyyar Hajji ko Umra ya sani cewa sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kaɗai ya kai kusan kilomita 3, kuma an ba da izinin hawa keken turawa. Ummu Salama (RA) ta kai kukan rashin lafiya, Annabi (SAW) ya umarce ta ta yi ɗawafi a kan abin hawa ta bayan mutane.

Saura aikinmu. Kujerar roba mai rawa a kan tayil haɗari ce ga wanda yake dogara da hannu kafin ya miƙe, ƙungiyoyin matasa suna iya haɗa kuɗi a yi wa masallaci kujeru masu ƙarfi masu hannu, a ajiye su a ƙarshen sahu ko jikin bango domin kada su takura wa na baya. Wurin alwala yakan yi santsi, a sa masa maƙami da mazauni mai tsawo. Wanda hannunsa ba ya kai ƙafarsa ya halatta wani ya wanke masa ya cuɗa, kuma ban san ladan da ya fi sauƙin samu kamar na yaron da ya durƙusa ya wanke ƙafar mahaifiyarsa sau biyar a yini ba. Babbar matsalar da ba a son faɗa ita ce bayan gida. Gidajen haya da yawa a zongo ba su da nasu, sai na gayya, kuma na tsugunno ne. Tsohon da ba ya iya tsugunno ba zai taɓa buɗe baki ya gaya wa ɗansa wannan ba, sai dai ka ga ya rage cin abinci da shan ruwa. Kada ku jira ya faɗa. Kafinta ko mai walda yana iya yin kujera mai rami da hannuwa a kuɗi kaɗan, a kai ta ɗaki a ajiye ba tare da dogon bayani ba.

Motsa gwiwa kuma ba ya ƙarewa da sallama daga fisiyo, domin gaɓar da aka daina motsawa tana iya rasa abin da ta samu. A ɗaura shi da lokutan sallah ya fi sauƙin riƙewa. Bayan Asuba da bayan La'asar jika ya zauna kusa yana ƙirga, kaka tana jan diddige zuwa jikinta a kan gado tana sakewa, sannan a ɗora diddigen a kan matashi a bar gwiwa ta miƙe da kanta. Kada a riƙa sa matashi a ƙarƙashin gwiwa lokacin kwanciya, daɗinsa na ɗan lokaci ne, yana koya mata zama a lanƙwashe. Tafiya zuwa masallaci ita kanta magani ce, a bar Baba ya taka da sandarsa, ku rage sauri ku jera da shi. Nauyin jiki ma abin dubawa ne, domin kowane kilo ɗaya da ya ƙaru yana zama kamar kilo huɗu a kan gwiwa a kowane taku, to a sassauta malmalar tuwon dare cikin hikima. Idan kuma za a shiga torotoro, a roƙa masa kujerar gaba inda zai miƙe ƙafa, kai matashi ka koma baya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sanya abin da ya samu iyayenmu ya zama kankarar zunubi da ɗaukakar daraja, ya karɓi sallarsu a tsaye da a zaune, ya ba mu ikon yi musu hidima tun suna raye. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.